Kumburin da Munka Ɗauka Ƙiba Ce

Tun cikina yana wata huɗu abu guda ya hana ni sakat, shi ne nono. Ni siririya ce tun tasowata, ƴan gidanmu har Karan Gero suke kirana. In na zauna ina tankaɗe sai in duba ƙirjina in ce, yau in Allah ya sauke ni lafiya, da mi zan shayar da abin da na haifa? Na taɓa ganin wata maƙwabciyarmu a Filinge da nononta bai zo ba, ana ɗura wa jaririnta madarar akuya da cokali, yana kuka tana kuka. Hoton nan bai bar idona ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa jikina ni ne zai ba da tsoro ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko wata ta karanta, ko a karanta mata.

Haihuwar fari ce, don haka da ciki ya tsufa maigidana ya kai ni gida wajen Inna, a ƙauyenmu da ke bayan Tabla. Tsakiyar bazara ne. Wanda ya san bazarar ƙasarmu ta Kurfai ya san abin da nake faɗi: ƙasa ba ta takuwa da rana, ruwan randa kansa sai ya yi ɗumi. Ƙafafuna sukan ɗan kumbura da yamma, in na kwana na tashi sai in tarar sun saɓe. A wurin awo an ce mini zafi ne da nauyin ciki, in rinƙa ɗora su bisa matashi. Na haihu a likitar ƙauye, wato ɗan asibitinmu, ba wata wahala, ɗiya mace. Sunanta ba zan rubuta ba, kun san ɗiyar fari ce. Baƙuwa nake ce mata har yau.

Sai na gaya muku wace ce Inna, don ku gane sauran. A ƙauyenmu in ana maganar wankan jego, sunanta ake fara kira. Ƴaƴan maƙwabta ma ita ake roƙo ta yi musu. Maijegon da ta bi ta hannunta takan koma ɗakin miji ta yi ɓulɓul tana sheƙi, dangin miji su yi ta sa albarka. To ga ɗiyarta ta cikinta, wadda kowa ya san ramarta. Tun kafin in haihu take cewa, "Bari dai ki sauka. Sai mutanen Hilinge sun tambayi ko an musanya musu mata."

Maigidana ya aiko da itacen wanka amalanke guda. Safe da la'asar Inna takan tafasa ruwa a rabin tano, gangar ƙarfen nan, har ya rinƙa tsalle, ta tsoma ganyen sabara ta rinƙa fyaɗa mini a jiki. In na yi ƙara ta ce, "Yi shiru, ɗanyen jiki ne, sai ya gasu." Ina fitowa kunun kanwa na jirana a ƙwarya, da zafinsa, kanwar har tana kama harshe. Ga naman kauri da yaji da gishiri. An ce kanwa ita ke kawo nono, ni kuwa abin da nake nema ke nan. In na shanye sai in miƙa ƙwaryar a ƙara. Inna ta yi ta murna, ta ce ba ta taɓa samun maijego mai jin magana irina ba. Nono ya zo, Baƙuwa ta sha ta ƙoshi, na ce alhamdu lillahi, damuwata ta ƙare.

Bayan suna da kamar sati guda na ga takalmina na roba ya fara matse ni. Igiyarsa takan bar zane a bayan ƙafata. Na ce zafi ne, kamar da. Amma wannan karon in gari ya waye ba ya saɓewa. Idon sawuna ya ɓace gaba ɗaya, ƙafar ta zama sambal kamar taɓarya. Na nuna wa Inna, ta duba ta ce, "Bazara ta. Kowa ƙahwatai na hawa yanzu. Ga shi kuma jiki ya hwara karɓar abinci."

Akwai Gwaggo Haɗi, ƙanwar mahaifina, gidanta na jikin namu, kullum tana wurinmu. Ita ta fi kowa murna. Ta shigo wata safiya ta kama kumatuna ta ja.

"Kai, Karan Gero! Wa ya gan ki ya gane? Dubi wuya, dubi damtse. Ke Rabi," haka take kiran Inna, "hannunki dai sai Allah. Wagga in ta koma, mijin nan sai ya sake biyan sadaki."

Munka yi dariya har da ni. Gaskiya na ji daɗi. Duk rayuwata ba wanda ya taɓa ce mini na yi ƙiba. Na ɗauki ɗan madubi na duba, fuskar ta cika, fatar tana sheƙi. Abin da kawai ya ɗan tsaya mini, ƙasan idona ya yi luhu-luhu kamar wadda ta kwana kuka.

Satin da ya biyo, awarwarona ya ƙi motsi a hannu, sai da anka sa sabulu anka fidda shi. Zanen da nake ɗaurawa ya rage. Fitsari ya ja baya, ga shi ina shan kunu da ruwa kamar raƙumi. Sai tari ya zo, busasshe, ba majina. In na je bayan gida na dawo, ɗan taƙin nan, sai na dafa danga na huta, zuciyata tana bugawa har cikin kunnena. Kwanciya ta gagara. Da na miƙe bisa tabarma sai in ji kamar an aza mini buhun gero a ƙirji, dole in tashi in jingina da bango, a haka nake barci.

Ban faɗa duka ba. Maijegon fari ba ta yawan ƙorafi, sai a ce raki gare ta. Na ce wa Inna dai numfashina na yi mini nauyi. Ta ce, "Wanda bai saba da jiki ba, in ya samu sai ya yi mashi nauyi. Za ki saba."

Maigidana yakan zo in ya tashi daga kasuwa, ya zauna a gindin aduwar da ke ƙofar gida, don ba ya shiga cikin gidan surukai. Wata rana na fito gaishe shi, kafin in iso wurinsa na tsaya hutawa. Ya bi ƙafafuna da kallo.

"Ramatu, lafiya kike kuwa?"

"An ce ƙiba ce."

"Ƙiba ke hana mutum gama magana? Tun ɗazu kalma biyu kike yi ki ja numfashi."

Ya ce zai so a kai ni likita a duba. Amma ta ina zai fara? Ba zai iya duban idon Inna ya ce mata wankanta bai karɓe ni ba. Sai ya kira Gwaggo Haɗi gefe, ya durƙusa ya faɗa mata da ladabi. Ina jin amsarta daga inda nake.

"Ɗana, ina ka taɓa jin maijego ta hita gari ba ta yi arba'in ba? Iska ta shige ta, wa za ya ɗauka? Ka kwantar da hankalinka. Mu munka haihe ku."

Ya tafi ba don ransa ya so ba. Kafin ya hau babur ya ce mini a hankali, in abu ya ƙaru in sa a kira shi ko wane lokaci ne.

Maganar tasa dai ta ɗan taɓa su, don washegari anka fara neman magani. Wata ta ce na taka wani abu ne a hanyar bayan gida, a nemo ƴan bori su duba. Inna ta ce a'a, ta karɓo rubutu wurin liman, na sha. Gwaggo ta ce mataccen jini ne ya sauka ƙafa, ta kira wanzami ya yi mini ƙaho a ƙwauri. Da ya tsaga ya kafa ƙahon ya cire, abin da ya fito ruwa ne garai-garai, jinin kaɗan ne a ciki. Kuma bai tsaya ba. Har yamma tsagar tana tsatsa tana jiƙa tsumman da anka ɗaura. Wanzamin ya ce ciwon ne ke fita. Na dubi Inna, na ga ita tana ta kallon tsumman.

Abin ya fashe ne a wankan la'asar, kwana kaɗan bayan haka. Rana ce irin wadda ko kaji sun buɗe baki. Na zauna bisa turmi a makewayi, Inna ta kawo ruwan, tururi ya tashi ya rufe ni. Na ja numfashi, bai shiga ba. Na sake ja, ina jin wani ƙara a ƙirjina kamar ruwa na tafasa a ciki. Na so in ce Inna, muryar ta ƙi fita. Na kama zanenta. Can cikin ɗaki Baƙuwa ta farka tana kuka, ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne, shi ke nan, wata ce za ta goya ta.

Inna ta saki ganyen ta riƙe ƙafata don kada in faɗi. Da ta ɗauke hannunta, sai ga shatin yatsunta biyar sun lotsa a ƙwaurina, kamar an danna tuwo mai zafi. Ta tsaya tana jira su ciko. Ba su ciko ba. Ta sa babban yatsa ta danna ɗaya ƙafar, nan ma rami ya zauna.

Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Ta miƙe, ta kinkimi sauran ruwan wankan ta sheƙa shi a murhu, wutar ta mutu da ƙara. Ta ɗaga murya.

"Haɗi! Aika a ɗauro amalanke. A kira mijinta."

Gwaggo ta leƙo ta kan danga. "Rabi, kin haukace? Da sauran kwanaki a arba'in. Mi mutane za su ce?"

"Ki zauna ki ƙirga su ke. Ni nama na sani, na kuma san abin da ba nama ba. Wanga ruwa ne."

A zaune anka kai ni likitar ƙauye, Inna ta tallafe ni ta baya, Gwaggo na biye da Baƙuwa a goye tana ta salati. Mazo, ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya saurari bayana, ya yi mini allura, ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, a wuce Filinge yanzu. Maigidana ya iso da motar da ya samo. Hanyar nan ban san yadda munka bi ta ba.

A babban asibiti ba su sa ni layi ba, suna ganin yadda nake numfashi sunka wuce da ni. Anka sa mini abin iska a hanci, anka ƙara wata allura ta jijiya. Ba a daɗe ba fitsari ya ɓalle. Jama'a, ban san jikin mutum na iya ɗaukar ruwa haka ba. Inna ta yi ta fita da fo ɗin fitsari tana dawowa. Wata tsohuwa Bazabarma da ke jinyar ɗiyarta a gadon kusa da mu ta ce da Hausarta ta tsinta-tsinta, "Fofo, yarinya! Kai rijiya ne? A kai ka gona mana, ba sai an jira damina ba." Ranar na fara dariya, duk da tari ya biyo baya. Kafin kwana biyu na kwanta a bayana na yi barci kamar kowa.

Da likita ya zo zagaye, wani dogo mai magana a hankali, ya tambayi wa ke kula da ni a gida. Inna ta ce ita ce. Ya ce mi nake ci, mi nake sha. Inna ta gyara zama ta lissafa mashi, da ɗan alfaharinta: wanka safe da yamma, kauri, kunun kanwa ba fashi, kuma ba ta yi wa kanwar ƙwauro ba. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Inna, kin yi ƙoƙari, an ga ba ki bar ta da yunwa ba. Amma zuciyarta ta gaji." Maganar nan ta zauna mini har yau: zuciyarta ta gaji. Ya ce wasu mata haihuwa takan bar musu zuciya da rauni ba tare da kowa ya sani ba. Kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, ruwan ya yi wa zuciyar yawa ta kasa tura shi, sai ya taru a ƙafa, ya hau ciki, ya kai ga huhu. Zafin wanka da na bazara kuma su ƙara mata aiki.

Inna ta ce, "Likita, ni haihuwata takwas, duk na sha. Uwata ma ta sha."

Ya ce, "Gaskiya ne. Ba kowa yake kamawa ba. Ita ya kama ta." Ya ce daga yau ba kanwa, ba gishiri, ba dunƙulen miya na kanti. Ma'aikatan suna kiran abin sansel, wato ba gishiri, har ya zama sunana a ɗakin: ina mai sansel?

Na tambaye shi ko zan ci gaba da ba da nono, ya ce in ba ta, magungunan da ya zaɓa ba za su cuce ta ba. Kuma nonon bai ƙafe ba da anka bar kanwa.

Bayan fitarsa Inna ta yi yini guda ba ta sa komai a bakinta ba. Ta yi wanki, ta goya Baƙuwa, ta yi mini fifita in wuta ta ɗauke, amma idonta na ƙasa. Da yamma ina cin tuwon da ba gishiri, ina yamutsa fuska, sai ta jawo kwanon ta sa hannu. Na ce, "Inna, ke ai ba a hana ki ba." Ta ce, "Ci mu ci." Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Da hannuna na rinƙa dama maki shi." Na ce, "Da hannunki kuma kinka kashe wutar." Ta cinye rabonta. Tun daga ranar har munka bar asibiti abin da na ci shi ta ci.

Ruwa na fita, ni kuwa ina ta tsiyayewa. Cikin sati guda duk ƙibar nan ta tafi, na koma ƙasa da yadda nake da, fatar ƙafata ta yi yaushi ta tattare. Gwaggo Haɗi ta zo dubiya da fura, ta tsaya bakin gado ta riƙe haɓa. "La ilaha! Duk wahalar da munka sha, sun tsotse mana ke da allura?" Tsohuwar Bazabarma ta ce mata, "Wanda ka kawo jarka ne, yanzu mutum za ka koma da shi." Gwaggo ta harare ta, daga baya kuma sunka zama ƙawaye, har goro suke raba wa juna.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Ɗakin zafi kamar tanda, in wuta ta ɗauke sai ka ji kamar ka fita da gudu. Wani maganin babu shi a asibiti, sai maigidana ya yi ta zagayen farmasi a rana. Da na ɗan samu ƙarfi anka tura mu Yamai a yi hoton zuciya, eko suke ce mashi. Nan kam na sha layi, tun safe har rana ta karkata ina zaune bisa benci da jaririya, ga tsoron abin da za a faɗa. Tumakin da maigidana yake kiwo duk sun tafi a kan wannan ciwo, bai taɓa ambata mini ba, a bakin ƙanwarsa na ji. Ruwan shuka ya sauka muna can, hankalinsa ya rabu biyu. Da munka dawo ya tarar maƙwabtan gonarsa sun haɗu sun shuka mashi ita da irinsu. Allah ya saka musu, ya saka wa mazon da bai riƙe ni ba, da ma'aikatan da sunka tsaya a kaina, da tsohuwar nan da ban ma san ƙauyensu ba.

Arba'in ta wuce muna tsakanin asibiti da asibiti. Ranar da za a mai da ni ɗakina, Inna ta ce ita za ta raka ni da kanta, ko da yake ba a saba uwa ta kai ɗiya ba. Na san dalili. Magana ta riga ta zaga cewa ɗiyar mai wankan jego ce wanka ya kayar. Matan gidan mijina sun taru a tsakar gida, na shigo zane na yi mini yawa, ƙasusuwan wuyana a waje. Na ga wasu suna haɗa ido. Inna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ga ɗiyarku na kawo. Na yi alkawarin ƙiba, ban cika ba. Kunun da na ba ta shi ya so kashe ta, ban sani ba, yanzu na sani. Kada wadda ta sa mata gishiri a miya don tausayi."

Sai uwar mijina ta taso ta kama hannun Inna da hannu biyu ta ce, "Kin kawo muna ita tana tahiya da ƙahwarta. Mi ya hi wannan?" Ta kwance Baƙuwa daga bayana ta shiga yi mata rawa.

Yanzu Baƙuwa tana gudu ko'ina. Na daɗe ina shan magani, ina komawa awo, a hoto na baya likita ya ce zuciyar ta dawo sosai, amma kada in yi saurin ɗaukar wani ciki, in kuma na ɗauka a asibiti zan yi rainonsa. Maigidana ya yarda. In bazara ta zo har yanzu idon sawuna yakan ɗan hau da yamma. Sai in bar aikin rana, in kwanta a inuwa in ɗora ƙafa bisa buhu, in sha ruwa daidai ƙishina, miyata kuma a wata ƴar tukunya daban nake yin ta. In gari ya waye ya saɓe, na san na zafi ne. Duk da haka sai na danna da yatsa na gani, tsoro bai gama sakina ba. Inna tana nan tana yi wa mata wanka, sai dai ruwan ta rage mashi zafi, kanwa kuma ɗan ƙanƙane take sawa, wasu ma ba ta sawa. Kullum kafin ta fara sai ta ce, "Miƙo ƙahwa in gani."

Roƙona gare ku, iyaye mata da gwaggwanni da mazan da ke zaune a ƙofar gida suna jin kunya: in maijegonku ta cika da sauri, ku danna ƙwaurinta da yatsa. In rami ya zauna, ko tana tari, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, ku ɗauke ta ku kai likita a ranar, ko saura kwana nawa ne a yi arba'in. Ke kuma maijego, ki buɗe baki ki faɗi duk abin da kike ji. In kun karanta, ku sa ni da Inna a addu'a.